Rediyon intanet na ta yankewa a kwamfuta, Baba ya sa ni gaba

Mai Sakatariya, Garwa: Slm yan uwa barkanmu da dare. Don Allah masana ordinatar ku taimaka min da shawara, wlh abin ya ishe ni. Rediyon Baba na gajeren zango ya faɗi ya fashe tun wancan satin, to shi kuma kun san tsofaffinmu, in bai ji labaran takwas da rabi na dare ba ko tuwo baya masa daɗi, sai nace ya dinga zuwa shago ina kunna masa a kwamfutar da muke buga takardu da ita tunda ina da bafal, wato lasifika. Ranar farko lafiya lau. Daga nan sai ta fara, a yi magana minti biyu ta yi shiru, wannan da'irar ta dinga juyawa, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Wasu tashoshin ma ko buɗewa basa yi. Jiya kuma gaba ɗaya ta ƙi, sai wani gargaɗi da jan alama. Baba yace wai na kashe kuɗi na sayi allon makaranta. Me zan yi?

Ɗan Domayo: Wslm. Birus ne yaya. Ka kai a yi mata format a zuba sabon Windows shikenan ka huta

Injiniya na Gaundare: Kai ɗan Domayo kullum maganinka ɗaya, ciwon kai format, ciwon ciki format. Mutum yana da takardun jama'a a ciki, CV na yara da takardun neman aiki da na kotu, kace ya goge saboda rediyo? Mai sakatariya kar ka taɓa komai tukuna. Abubuwa uku ka faɗa kuma ba lallai uwarsu ɗaya ba, wadda take yankewa daban, wadda bata buɗewa daban, gargaɗin jiya ma daban. Faɗa min wane Windows ne, da me kake shiga intanet, sannan me gargaɗin ya rubuta.

Mai Sakatariya, Garwa: Windows 7 ne, ta hannu ce irin na gwanjon nan da ake kawowa daga Turai, batirinta ma ya mutu sai a jone take aiki. Intanet daga wayata nake yi mata partaj, wato nake raba mata ta wifi. Gargaɗin da Faransanci ne, wai agogona yana baya ko me

Injiniya na Gaundare: Yawwa. Dubi can ƙasa ta hannun dama inda lokaci yake, wace shekara ta rubuta?

Mai Sakatariya, Garwa: Innalillahi. 2009 ta rubuta, wai ɗaya ga Janairu 😂 ni wlh ban taɓa dubawa ba

Hajiya Mai Atamfa: To ai ta koma ƙuruciya. Allah ya bamu irin wannan ciwon

Injiniya na Gaundare: Hhh amin Hajiya. To ga ɗaya ta fito. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan pil, wato ƙaramin batiri, zagayayye kamar kwabo, CR2032 ake ce masa, irin wanda ke cikin makullin mota da abin awon suga, shi ke riƙe lokaci in an kashe ta. Naka ya mutu, babban batirin ma ya mutu, saboda haka duk sanda aka ɗauke wuta ta mance ranar da ake ciki ta koma ranar da aka haife ta. Su kuma shafukan da adireshinsu ya fara da https kowanne yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar kat ɗin shaidarka, to kwamfutarka ta duba taga takardar ta wannan shekarar ce ita kuma a ganinta 2009 ake, sai tace wannan jabu ce ta hana ka shiga. Gyara kwanan wata da hannu yanzu zata buɗe. Amma gobe in wuta ta tafi sai ka sake, har sai ka canza pil ɗin. A wasu kwamfutocin cinya yana naɗe cikin roba da yar waya biyu, in irin wannan ne kar ka ɓalle da kanka, kai wa mai gyara.

Mai Sakatariya, Garwa: Wlh ta buɗe!! Usoko injiniya Allah ya saka. Ashe shi yasa wani kwastoma ya dawo min da takarda kwanaki yace kwanan watan da ke ƙasa ba daidai bane, nayi ta musu da shi

Ɗan Domayo: To naji amma yankewar fa? Ni dai nace Windows 7 ya tsufa, a sa mata 10

Injiniya na Gaundare: Tsufa kam ya tsufa, tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ta daina tura masa gyara, Chrome ma a lamba 109 ya tsaya masa tun farkon 2023. Amma shi 10 ɗin da kake ta kira ai shima an rufe masa a Oktoban 2025, kuma injin da aka yi wajen 2009 mai yiwuwa RAM ɗinsa jiga 2 ne, ka ɗora masa 10 sai ya dinga tafiya kamar jakin da aka ɗora wa buhu uku. Sannan ba tsufan Windows ke sa murya ta yi minti biyu ta tsaya ba. Wannan ruwa ne baya isowa.

Kawu Direba: Assalamu alaikum yara. Ni karatun nan naku ban gane shi ba amma abu ɗaya na sani, ɗana kaje kasuwa ka saya wa mahaifinka rediyo. Nawa yake? Rediyona shekara goma sha yana tare da ni daga Garwa zuwa Kusiri zuwa Tuboro, pil biyu, na ja eriya na ji duniya, ba ruwana da rezon waya ba ruwana da kiredi. Kun ɗauki abu mai sauƙi kun mai da shi lissafin jami'a

Mai Sakatariya, Garwa: Kawu gaskiyarka ne kuma zan saya insha Allah ƙarshen wata. Sai dai shi Baban ne yanzu ya ɗanɗana, yace a kwamfuta muryar tana fita tas ba wannan shuuu ɗin, kuma yana jin tashoshin Kano da rediyonsa bai taɓa kamawa ba, FM ɗinsu ai bata zuwa nan. Har shirin Inda Ranka yake sa ni in nemo masa. Mutumin da rabonsa da Kano tun ina goye

Kawu Direba: To ai kai ka jawo wa kanka. Wanda ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa

Malamin Lise: Bari in sa baki kan maganar ruwa da injiniya ya yi, don ina gani da yawa muna zaton rediyo yana cin data sosai, alhali ba haka bane. Tasha mai 64 kbps in ka lissafa awa guda wajen mega 29 take ci, mai 128 kuma wajen 58. Bidiyo mai kyau kuwa a awa ɗaya yana iya lashe kusan jiga. Ma'ana ko ƙaramin rezo ya isa ya ɗauki rediyo. Matsalar rediyo ba yawa yake so ba, rashin yankewa yake so. Kamar famfo ne da tulu, kwamfuta tana tara yan daƙiƙu na murya a tulu kafin ta fara baka, tana zuba maka ana ƙara mata, in famfo ya tsaya na ɗan lokaci tulun ya ƙare sai kaji shiru kaga da'ira tana juyi, tana jiran tulu ya sake taruwa. Don haka tambayar ita ce wa ke tare famfon da ƙarfe takwas da rabi.

Ɗan Njamena: Malam wlh ka faɗi gaskiya. Mu nan daga bayan magariba zuwa wajen goma na dare rezo sai addu'a, kowa ya dawo gida kowa ya hau TikTok, eriya ɗaya unguwa guda. Da asuba kuwa kamar ruwan sama. Mai sakatariya ka gwada shirin safe na shida da rabi ka gani ko zata yanke, in bata yanke ba to kwamfutarka lafiyarta ƙalau

Mai Sakatariya, Garwa: Shida da rabi ban buɗe shago ba ai. Amma da rana wajen uku in na kunna bata cika yankewa ba gaskiya

Injiniya na Gaundare: Ka gani ko. To sauran tambaya, wayar da kake partaj da ita a ina kake ajiye ta, kuma mutum nawa suka san lambar sirrin wifi ɗin?

Mai Sakatariya, Garwa: Tana cikin durowa a caji saboda masu ɗauke-ɗauke. Lambar sirri kuma ni kaɗai ne sai yaron shagona

Hajiya Mai Atamfa: Sai yaron shagonka 😂😂 ɗana ai ka gama magana. Abin da yaron shago ya sani duk layin ya sani

Injiniya na Gaundare: Shiga saitin partaj ɗin a wayar, akwai inda yake nuna na'urorin da suka jonu, ƙirga mana

Mai Sakatariya, Garwa: Jama'a biyar na gani. BIYAR. Kwamfutata ɗaya, sauran huɗun ban san su ba, ɗaya ma sunan mai shayin ƙofar shagona ne a jiki ƙiri-ƙiri. Shi yasa farfe ɗina, wato datar da nake saya ta wata, baya kai sati biyu ina ta zagin kamfani ashe ɓarawon na cikin gida

Ɗan Domayo: Hhhhh mai shayi yana kallon kokawa da kuɗinka kai kana sayen shayinsa

Kawu Direba: Rediyona dai ba mai shayin da ya taɓa shiga cikinsa

Injiniya na Gaundare: Canza lambar yanzu. Kuma in zaka ji tawa ka bar wifi ɗin gaba ɗaya, ka jona wayar da kwamfutar da igiyar caji ka kunna partaj ta USB, ba wanda zai iya hawa kuma wayar tana samun caji a hankali. Sannan ka fito da ita daga durowa don Allah. Shago rufin kwano, ƙofar ƙarfe, waya a cikin durowa, ta ina rezo zai same ta? Ga zafi, Garwa a watan Maris da Afrilu ana haura digiri 40, waya tana caji tana partaj a rufe, in ta yi zafi da kanta take rage gudu wata ma ta kashe partaj ɗin. Ka samo doguwar igiya ka ɗora ta kusa da taga. Ka duba kuma ita kanta wayar ba ta sauke mizajur, wato sabuntawar manhajoji, ko bidiyoyin guruf-guruf na WhatsApp a wannan lokacin, don duk daga tulu ɗaya ake sha.

Amaryar Pitoware: Sannunku. Tunda ana maganar ni ma ga tawa, tawa bata yankewa, lokaci yana tafiya a shafin alamar tana wasa amma ba murya ko kaɗan. Windows 10 ce ta maigida. Jiya ina so in ji tafsiri haka na haƙura

Malamin Lise: Amarya in kin kunna wani abu daban, kamar karatun da ke cikin kwamfutar, yana fita?

Amaryar Pitoware: Shima shiru malam

Malamin Lise: To ba ruwan rediyo, muryar ce take tafiya wani wuri. Danna hoton lasifika da ke kusa da agogo, zaki ga sunan inda take tura murya a sama, danna shi ki ga jerin. Wani lokaci in an jona talabijin da HDMI can take turawa, ko wani abin kunne na Bluetooth da ke kusa

Amaryar Pitoware: Ikon Allah. Sunan abin kunnen ƙanin maigida ne a wurin. Yana cikin aljihun rigarsa a rataye a ɗaki, ashe tun jiya aljihu ke shan tafsiri. Na mayar ta dawo ngd malam

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya sa aljihun ya yi aiki da abin da ya ji

Injiniya na Gaundare: Wani abin da ke kawo irin wannan shirun, ƙurar hunturu in ta cika ramin da ake sa abin kunne, kwamfuta sai ta ɗauka an jona wani abu ta kashe lasifikarta. Na sha ganin wannan a shago, mutum ya zo da kuɗin canza lasifika a hura ramin kawai ya tafi. Akwai kuma wanda shafin kaɗai aka yi wa shiru, a danna dama a kan kunnen shafin can sama za a ga inda ake dawo da murya. Kuma ku sani tun 2018 Chrome baya barin shafi ya fara murya da kansa sai mutum ya danna, to wasu suna buɗe shafi su harɗe hannu suna jira.

Mai Sakatariya, Garwa: Injiniya saura ta ukun, waɗanda basa buɗewa sam. Akwai wata tasha da Baba ke so, in na shiga shafinsu sai wani akwati fari yace in sauke Flash. Na danna wani wuri ya fara sauke wani abu sai na tsorata na tsayar

Injiniya na Gaundare: Alhamdulillah da ka tsayar. KAR KA SAUKE. Flash ya mutu, kamfanin Adobe da kansa ya rufe shi 31 ga Disamban 2020, duk wanda yace maka ga Flash yau to tarko ne, nan ne birus ɗin ɗan Domayo zai shigo da gaske. Wannan tashar shafinsu ne tsoho basu gyara ba, ko ka sayi sabuwar kwamfuta a kwali bazai yi ba. Akwai kuma wata matsalar da ban cika ganin an gane ta ba, shafin yana https amma igiyar muryar tasu tana http tsohon yayi, burauza sai ta ƙi haɗa su, ka danna ka danna ba abin da zai motsa kuma ba zata gaya maka dalili ba.

Mai Sakatariya, Garwa: To ya ake yi da irin waɗannan

Injiniya na Gaundare: VLC. Wannan mai hoton jan mazugin da ake sa wa a titi, nasan kana da shi don ba kwamfutar da ke ƙasar nan da babu shi, kyauta ne kuma yan makaranta ne a Faransa suka fara shi. Mutane sun ɗauka na kallon fim ne kawai. Buɗe shi ka danna Ctrl da N tare, akwati zai fito, ka liƙa adireshin muryar tashar ba na shafin ba, yawanci yana ƙarewa da mp3 ko aac ko m3u8 ko pls, wani kuma da lambobi. Amfaninsa biyu, na farko baya ɗauko tallace-tallace da hotunan da ke cika shafi suna cinye data da ƙarfin tsohuwar kwamfuta, na biyu zaka iya ƙara girman tulun da malam ya faɗa. A ƙasan akwatin akwai wurin ƙarin zaɓi, ka yi masa alama zaka ga 1000 ms, wato daƙiƙa ɗaya kenan, mai da shi 10000. Zata ɗan jima kafin ta fara amma ƙananan yankewar nan duk zata haɗiye su baka ji ba.

Ɗan Domayo: To shi adireshin a ina zai samo, a kasuwa?

Injiniya na Gaundare: Tambayarka ta farko mai ma'ana yau 😄 In shafin yana wasa, danna F12, shiga ɓangaren rezo, ka kunna rediyon zaka ga layi ɗaya da baya ƙarewa yana ta ƙaruwa, shi ne, kwafe shi. In wannan ya yi maka nisa akwai radio-browser, rumbu ne da jama'a ke tara adireshin tashoshi, ka rubuta sunan tasha ka kwafa. Sai dai adireshin nan suna canzawa, wanda ya yi yau bayan wata uku yana iya mutuwa, sai a sake nema.

Malamin Lise: Ga wanda baya son wahala kuma akwai Radio Garden, wanda yan Holan suka yi, duniya ce kake juyawa kana taɓa ɗigon gari kana jin tashoshinsa. Ɗalibaina na nuna musu shi a darasin labarin ƙasa. Amma a tsohuwar kwamfuta irin ta mai sakatariya yana da nauyi, juya duniyar nan kaɗai sai fanka ta fara kuka.

Ɗan Njamena: Ni abin da nake so a gane, ba kullum laifin yana wurinka ba. Ƙananan tashoshin nan da yawa wata kwamfuta ce guda a kusurwar situdiyo take tura muryar zuwa intanet, in wutarsu ta tafi ko datarsu ta ƙare ko wani ya kashe ta ya tafi gida, FM tana ci gaba a garinsu amma mu na nesa shiru. Wasu kuma sabar da suka kama, wato kwamfutar da ke raba muryar a intanet, tana da iyakar masu saurare, lokacin tafsirin azumi in ta cika kai na baya sai ka jira wani ya fita. Kafin ka kwance kwamfutarka gwada wata babbar tasha, BBC ko RFI ko DW, in su suna yi to ka bar injinka ya huta. Kalas

Kawu Direba: Ita Muryar Amurka fa? Ni a rediyon ma na neme ta na rasa kwanakin baya, na ɗauka eriyata ce

Malamin Lise: Ba eriyarka bace kawu. A watan Maris na 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da ma'aikatan gidan, sashen Hausa da ke watsa shiri tun 1979 aka wayi gari ba labarai. A lokacin mutane da yawa sun yi ta murɗa rediyo suna canza pil a banza.

Kawu Direba: To kun ga wannan ko injiniya bai iya gyara ta ba

Injiniya na Gaundare: Wlh kawu ta fi ƙarfina. Kamar ta 14 ga Maris 2024 ce, cikin azumi, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke wajen gaɓar Kodebuwa, WACS da SAT-3 da MainOne da ACE, ƙasashe da yawa har da mu abin ya taɓa. Ranar mutum nawa suka kawo min kwamfuta wai ta lalace, wani har yana rantsuwa ɗansa ne ya taɓa ta. Nace ku koma gida ku sha ruwa, abin yana cikin teku.

Ɗan Njamena: Mu ai ko ba teku, yawancin intanet ɗinmu ta wajenku yake biyowa tun daga Kribi, in an yi aikin hanya a wani ƙauyenku katafila ta tsinke fiba mu ne da kwana a duhu. Ku dinga lallaɓa mana ita don Allah

Ɗan Domayo: Ku biya kuɗin gadi 😂

Admin: A dawo kan magana yan uwa, kar a fara Kamaru da Chadi a nan, wancan karon sai da na cire mutum biyu

Mai Sakatariya, Garwa: Barkanmu da dare, na dawo da rahoto. Na canza lambar sirri, na jona da igiya, waya tana kan taga na ɗaure ta da zare saboda tsaro. Na sa tashoshi huɗu a VLC na ajiye su a jeri, yanzu Baba da kansa yake danna na ɗaya ko na biyu. Labaran takwas da rabi daga farko har ƙarshe sau ɗaya ta yi ɗan shiru shima bai kai a ce komai ba. Pil ɗin ma an canza, mai naɗin roba ne kamar yadda injiniya ya faɗa. Mai shayi tun safe yake gaishe ni da wata irin murya, wai ko rezo ya lalace ne a unguwa, nace masa sosai ma. Amma ana kukan targaɗe sai ga karaya, abu biyu sabbi. In na jona bafal akwai wani guuuu da ke fita a ƙasan murya, barin ma in an kunna janareto. Na biyu kuma Baba yace agogon London ya lalace, don maƙwabcinmu mai rediyo yana jin an buɗe shiri shi kuma sai bayan kusan rabin minti

Injiniya na Gaundare: Gurnanin daga wuta yake shigowa, cajar ce ko rashin waya ta ƙasa a shagon, ba daga tashar ba. Da batirinka na aiki da nace zare cajar ka ji zai ɗauke. Gwada jona bafal da kwamfutar a soket ɗaya, ka raba igiyar murya da ta wuta kar su kwanta tare, in bai bari ba akwai ɗan katin murya na USB mai araha, sau da yawa yana ragewa. In cajar ba ta asali bace to ita ce babbar wadda ake zargi.

Jinkirin kuma ba gyara, haka abin yake. Murya sai an matse ta an tura saba an yanka ta gunduwa-gunduwa kafin ta iso, ga daƙiƙa goma da mu da kanmu muka ƙara a tulu. In ka rage tulun jinkiri zai ragu yankewa ta dawo, sai ka zaɓa.

Malamin Lise: Wannan ya tuna min CAN, gasar cin kofin Afirka, da aka yi mana a filin Rumde Ajiya na Garwa, Janairun 2022, wasan Najeriya da Masar. Ban samu tikiti ba ina gida ina bi ta intanet, gidanmu kuma ba nisa da filin, sai naji ihu ya tashi kamar za a tsaga gari ni kuma a wurina ƙwallo tana tsakiyar fili ana ta yan pas. Sai da na gama tambayar yara lafiya sannan Iheanacho ya ci a wurina.

Hajiya Mai Atamfa: To ni dai gargaɗi ɗaya, azumi in ya zo kar wanda ya sha ruwa ko ya yi sahur da kiran sallar intanet. Na sha ruwa da sauƙi ka ƙara rabin minti, amma na asuba kana ta loma alfijir ya riga ya keto. Balle ma tashar Kano mutum yake ji yana Marwa, rana ai ta riga faɗuwa a nan

Malamin Lise: Sosai Hajiya, agogonmu ɗaya da su amma muna gabas da su, tsakanin Marwa da Kano akwai wajen minti ashirin da wani abu a faɗuwar rana. A bi ladanin unguwa.

Ɗan Domayo: Ni dai har yanzu da an yi format da duk wannan surutun bai taso ba

Injiniya na Gaundare: Da an yi format da yanzu tana 2009, mai shayi yana kan layi, takardun mutane sun tafi

Kawu Direba: Ɗana ƙarshen wata dai ya kusa, kar ka manta alkawarin rediyo. Ranar da ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya aka fara rabon wuta unguwa-unguwa zaka neme ni, kwamfutar da ba batir

Mai Sakatariya, Garwa: Ban manta ba kawu. Na ma gaya wa Baba ɗazu, yace a saya ɗin amma a bar masa kwamfutar ma, wai rediyo na London ne kwamfuta ta Kano. Yanzu haka yana zaune a kujerar kwastoma yana jin tallan maganin basir na wata tasha, mutum biyu na tsaye suna jiran in buga musu takarda, yace su jira a gama